Rassa Huɗu Don Spiru

Washegarin ranar da muka binne mijina Wenzu, ƙaninsa Spiru ya hau saman soronmu ya sauko rungume da tukunyar shuka. Ina zaune a falo mata sun kewaye ni, wannan ta miƙo mini shayi, waccan ta dafa mini kafaɗa, sai na hango shi a kan matakala yana laluben inda zai sa ƙafa, ganye ya rufe masa fuska. Na miƙe tsaye.

"Spiru, ina za ka kai ta?"

"Yi zamanki, matar yaya," in ji shi daga bayan ganyen. "Ke da kike cikin wannan hali, ina ke ina kula da shuka? Ba za ta yi mako guda a hannunki ba. Zan riƙe ta har ki dawo hayyacinki."

Fada, limamin cocinmu, yana zaune da kofin shayi a gwiwa, ga matan unguwa sun zuba ido. Ba zan tsaya ina jayayya a kan tukunyar wiwi a gabansu ba, furannin da muka ajiye a kan kabari ko yaushi ba su yi ba. Na koma na zauna. Har yau in na tuna wannan zaman da na yi, sai in ji kamar in mari kaina.

Sunan shukar Gajeriya, Wenzu ne ya raɗa mata. Shekara talatin da biyar ya yi yana walda a tashar gyaran jiragen ruwa, da ya ajiye aiki ko hutawa bai yi ba ciwon daji ya kama shi a ƙashi. A daidai lokacin ne gwamnatin ƙasarmu Malta ta yarda kowane gida ya shuka wiwi guda huɗu, muddin ba a hango shi daga titi. Wenzu ya kwashe mini kayan wanki daga ɗakin saman soro, ya rataye fitilu, ya shuka iri huɗu. Kafin su yi fure ya yanki ɗan reshe daga kowacce, ya manna masa lamba, ya ajiye su a cikin tsohon kabad a ƙarƙashin ƙaramar fitila. Sai da manyan suka nuna, ya girbe, ya shanya, ya gwada kowacce a jikinsa, sannan ya zaɓi wadda zai riƙe ta zama uwa. Ya zaɓi mafi muni. Guntuwa ce, rassanta a karkace, ba ta da auki, amma man da yake haɗawa da ita shi kaɗai ke sa shi barci, shi kaɗai ke sa ya ce mini, "Dolor, akwai sauran zomon jiya?" Ƙamshinta na ɓawon lemon tsami ne, duk rigunansa sun ɗauka.

Uwa ba a barin ta ta yi fure. Tana zaune a kabad ɗinta, ana yankar reshe daga jikinta a dasa, ya yi saiwa, shi ake kaiwa ɗakin fure. Reshen nan kuwa ba ɗanta ba ne, ita ce da kanta, halinta ɗaya, ƙamshinta ɗaya. Shekara uku Wenzu yana shafa ganyen nan kowace safiya, har ranar da ya kasa hawa matakala ya aike ni in duba masa ita. Abin da ya rage mini mai rai wanda hannunsa ya taɓa ke nan, kuma shi Spiru ya sauko da shi a gaban mutane. Ni ba na sha, ba na haɗa mai. Ita nake so ta dawo kabad ɗinta.

Na nemi ya dawo da ita bayan addu'ar cika wata, a ƙofar coci. Ya ce ai ta saba da garejinsa, in aka sake motsa ta za ta wahala. Bayan mako biyu na taka har gidansa na ce to ya ba ni reshe ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Haba matar yaya! Mace da wiwi? Ki nemi na'a-na'a ki shuka a taga, ko kin manta da ita ba ta mutuwa."

Spiru shekara ashirin da biyar ya yi yana manna wa motoci takardar tara, har motar ɗaukar gawa ya taɓa manna wa. Mutum ne da in ya ga an karya doka sai jikinsa ya hau ɓari, ga mijin 'yarsa ɗan sanda. A garejinsa tukwane huɗu ne cif, ko ganye ya faɗi a ƙasa sai ya share kada a ce na biyar ne. Amma ɗaukar kayan matar wansa a ranar makoki, wannan bai ga dokar da ta hana ba.

Abin da ya ƙarasa ni, maƙwabciyata Cettina ce ta kawo mini shi. Tana dafa wa kulob ɗin masu badujala abinci, kunnenta kuwa ba ya barin komai ya wuce. Ta ce Spiru yana zama a teburin bakin ƙofa yana gaya wa abokansa su Lippu da Nardu cewa shi ya zaɓi Gajeriya tun farko, shi ke da ido, marigayi ban-ruwa kawai ya iya. Har suna ya canza mata, wai Sarauniyar Spiru. Spirun da sau biyu kacal ya leƙo gidanmu a shekarar ƙarshe ta jinyar, na biyun ma aron tsani ya zo.

Ranar ban ci abinci ba. Na hau sama na buɗe akwatin kayan aikin Wenzu, na sami sauran irin da ya sayo a cikin ƙaramar kwalba, ƙwaya shida. Na shuka su a farkon Disamba, huɗu suka tsira. Shekara uku ina miƙa wa Wenzu almakashi ina riƙe masa tocila, ashe idona ya koyi abin da ban san ya koya ba. Na yi yadda yake yi: na yanki reshe daga kowacce, na manna lamba ɗaya zuwa huɗu, na jera su a kabad. In ka lissafa sun zama takwas, to sai me? Wenzu ma haka yake yi, kuma babu ɗan sandan da ya taɓa hawa matakalarmu ya buɗe kabad.

Lamba ɗaya da lamba uku ba su da wani labari. Lamba biyu 'yar ƙarama ce mai kunya, amma da ta fara fure na murza ganyenta na shinshina, sai da na nemi wuri na zauna. Ba ƙamshin Gajeriya ba ne sak, amma 'yar gidansu ce, akwai lemon tsamin nan a can ƙasa. Lamba huɗu kuwa, Budurwa Maryamu! Ban taɓa ganin shuka irinta ba. Ta fi sauran tsawo da kamu biyu, jikinta kauri, ganyenta shar, kawunan furenta kamar damtsen jariri, danƙo yana ƙyalli a kansu. Duk wanda ya shigo ɗakin ita zai fara nunawa.

A mako na shida da fara fure, ina duba ta da safe, sai na ga wani ɗan abu rawaya ya leƙo daga tsakiyar furen, kamar ƙaramar ayaba. Na ɗaga wani reshen, ga wasu biyu. Na san ko mene ne, don Wenzu ya taɓa samun irinta, ya lulluɓe ta da leda ya fita da ita a hankali yana riƙe numfashi. Mata-maza ce. Takan yi fure na mace lafiya lau har ka saki jiki, sannan ta fito da na namiji a ɓoye, ya fashe, garinsa ya bi iska ya sauka a kan duk wata shuka da ke ɗakin. Furen da ya ɗauki garin nan ya daina yin danƙo ke nan, sai ya cika da ƙwaya, wahalar wata huɗu ta tashi a banza. Kuma duk reshen da aka yanka daga jikinta haka zai yi, a daidai wannan makon, tunda ita ce.

Na ɗauko leda zan lulluɓe ta. Ina tsaye da ledar a hannu sai fuskar Spiru ta faɗo mini a rai, yana riƙe da ƙugu yana cewa in shuka na'a-na'a. Na ninke ledar na mayar da ita inda na ɗauko.

Na sauko da lamba huɗu ɗakin baƙi, na rufe ƙofa na toshe ƙasanta da tawul. Mako uku cur, kowace safiya bayan na dawo daga coci, nakan sa tabarau in ɗauki hantsakin gira in bi ta reshe-reshe, ina tsinke 'yan ayabar nan tun ba su buɗe ba ina jefa su a kofin ruwa. Bayana ya yi ciwo, idona ya yi ja, ban fasa ba ko sau ɗaya. Da na girbe na shanya, na cika kwalba biyu da fure mai kyau, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wanda bai sani ba sai ya rantse daga aljanna aka tsinko shi.

Saura zaɓen uwa. Kabad ɗin Wenzu uwa ɗaya yake ɗauka in ta girma, fitilar ma ɗaya take iya ciyarwa. Cettina ta hau sama tare da ni, tana haki, ta sami bokiti ta kife ta zauna. Na jera mata rassan huɗu, na gaya mata halin kowanne, ban ɓoye mata komai ba.

"To ai magana ta ƙare," in ji ta. "Ki riƙe lamba biyu. Ke da bakinki kika ce tana ƙamshin marigayi."

"Kama take yi da ita. Me zan yi da mai kama, ga ta ainihin tana garejin wancan ɓarawon?"

"To ki riƙe ta kafin ta ainihin ta dawo mana."

"Wurin ɗaya ne, Cettina."

"Dolor, ki ji tsoron Allah. Wannan mai kyan fuskar za ki ajiye? Ki yi me da ita?"

"Baƙo zan yi."

Ta dube ni ta dubi shukar, sai ta gane. Ta toshe baki da gefen rigarta tana dariya, tana cewa ni muguwa ce, uwata ma haka take. Duk da haka da ta ga na ɗauki lamba biyu na tsige ta daga ƙasa, dariyar ta tsaya. Saiwoyinta farare ne tas, lafiyayyu. Na jefa ta a jakar shara tare da ɗaya da uku, na wanke hannu. Ban ji komai ba a lokacin, gaskiya ke nan, zuciyata tana wani wuri.

Lissafina mai sauƙi ne. Spiru da ido yake zaɓe, kamar yadda ya zaɓi motarsa da matarsa. In ya ga lamba huɗu ba zai yi barci ba sai ya mallake ta, in ya mallake ta kuma bakinsa ba zai rufu ba, sai ya raba wa abokansa don su san shi ne mai ido. Idan ta gama da su gaba ɗaya, ya zama abin dariya a kulob, zan same shi in ce ya ɗauko Gajeriya da hannunsa, da rana tsaka, ya bi titi da ita a lulluɓe ya hau matakalata ya mayar da ita inda ya ɗauka. In ya ƙi, in gaya wa gari duka daga ina Sarauniyarsa ta fito.

A watan Afrilu na aika masa cewa tankin ruwan saman soro yana zuba. Ni na kwance masa wani abu da kaina. Ya zo da sifana a aljihu yana ƙunƙuni, na bar ƙofar ɗakin a buɗe, kabad ma a buɗe. Ina ƙasa ina yanka burodi ina shafa masa tumatir da man zaitun, na ji ƙarar sifana ta tsaya.

"Matar yaya! Hawo mana."

Na hau a hankali. Yana durƙushe a gaban kabad, baki a sake.

"Wannan fa? Wa ya ba ki?"

"Na'a-na'a ce," na ce. "Kai ka ce in shuka."

"Bar wasa, don Allah. Daga ina?"

"Sauran irin yayanka ne. Na zuba a ƙasa don kewa, sai ga ta. Ni me na sani?"

Na ɗauko kwalba ɗaya na miƙa masa. Ya buɗe ya shinshina, ya zazzage a tafin hannu, ya fasa kai ɗaya da farce yana neman ƙwaya. Bai samu ba. Ya fasa na biyu.

"Kin san irin wannan sai a hannun wanda ya sani," in ji shi. "Sa'a kika yi. A zagaye na biyu za ta lalace miki."

"Haka nake tsoro."

"Ki yankar mini. Guda huɗu."

Sai da na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Huɗu! Na ɗauka yana gudun kada wasu su ƙi kamawa ne, don reshe yakan mutu. Na ɗauko rezar Wenzu na zaɓar masa mafi lafiya, na yanka da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na sa masa a robar askirim. Ya karɓa, ya nufi matakala, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ina jin wata 'yar kunya ce ta taɓa shi, karo na farko a rayuwarsa.

"In kina so gobe in kawo miki reshe ɗaya na waccan tsohuwar. Ta gaji ma, ba ta da auki. Amma tunda kin damu da ita."

Wata shida ina roƙon wannan kalmar. Da na ce to, da gobe war haka tana cikin kofi a tagata. Amma yadda ya faɗe ta ne ya tsaya mini a wuya, wai tunda na damu, kamar mai miƙa wa kare ƙashi. Reshe ɗaya, daga cikin abin da yake nawa gaba ɗaya! Kuma in na karɓa an yi musaya ke nan, an rabu lafiya, babu sauran zancen ya ɗauko tukunya ya bi titi.

"Bar shi, Spiru," na ce. "Ba na son komai. Ai kai ƙanin Wenzu ne."

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya sauka. Tankin ma bai gama ɗaurewa ba, ni na ƙarasa.

Zafin bana na sha shi da daɗi. Cettina tana kawo mini labari duk ranar Lahadi bayan coci. Rassan sun kama. Spiru ya ce shi ya haɗa irin da kansa, shekara biyu yana aiki a kai a ɓoye. Ya yankar wa Lippu, ya yankar wa Nardu, har wani ɗan'uwan matarsa daga tsibirin Gozo ya hawo jirgin ruwa takanas ya karɓa. Sunanta Sarauniya ta Biyu. Nakan zauna a baranda da yamma ina ƙirga makonni a yatsa, in na kai shida sai in sake farawa don daɗi. Na yi ikirarin zunubi wurin Fada sau uku a wannan bazarar, ban ambaci maganar ba ko sau ɗaya, don ban yi nadama ba, kuma ba na yi wa Fada ƙarya.

Abin ya fashe ana saura kwana goma bikin waliyyin garinmu, a farkon Satumba. Nardu ne ya fara ganin ƙwaya, ya yi shiru yana zaton laifinsa ne. Lippu ya gani, ya je gidan Nardu, suka haɗa kai suka buga wa na Gozo waya. Kowannensu ya sa baƙuwar a ɗaki ɗaya da nasa na da, ta kuwa bi su duka ta lalata. Suka ƙi ce wa Spiru komai, suka jira ranar biki.

Ranar Lahadin bikin, da hantsi, masu badujala suna zagaya gari, yara da manya sun sa jajayen riguna suna tsalle a bayansu, ana watso yankakkun takardu daga baranda. Ni ina barandar ƙanwar Cettina, daidai saitin ƙofar kulob, na sa baƙar rigata mai kyau. Spiru yana teburinsa da farar riga, ga farantin pastizzi, 'yar gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki, a gabansa, ga giya. Sai ga Lippu ya ratso taro da jakar takarda a hannu. Lippu mahauci ne, muryarsa ta fi kakaki.

"Ranka ya daɗe mai ido! Ga gaisuwa daga Sarauniya."

Ya kife jakar a kan farantin. Ƙwaya ta zubo, ta cika farantin, ta gangara cikin kofin giya, ta watsu a ƙasa.

"Mene ne haka, Lippu?"

"Abincin kanari. Wata huɗu ina biyan kuɗin lantarki don in noma wa tsuntsu abinci. Matata ta ce in tambaye ka ko kana da kejin sayarwa."

"Ni ma nawa na nan tafe," in ji Nardu daga baya. "Buhu guda. Shekara biyu kana haɗa iri a ɓoye, ashe gaskiya ka faɗa, iri ka haɗa!"

Kulob ya ɗauka da dariya. Wani mai busa ya juyo da kakakinsa ya yi wa Spiru wata irin ƙara a kunne. Spiru ya miƙe, fuskarsa ta yi ja har wuya, yana cewa zafi ne ya jawo, fitilunsu ne ba su da kyau, shi nasa lafiya lau. Lippu ya ce to a je a gani. Spiru ya juya zai tafi, ya taka ƙwayar, santsi ya kwashe shi ya dafe tebur, giya ta wanke masa farar rigar. Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, dariyar da ban yi irinta ba tun kafin Wenzu ya kwanta. Cettina tana tsunkulina tana cewa in yi a hankali ana kallona. A kalle ni mana.

Ban bari ya huce ba. Bayan abincin rana, gari ya yi tsit kowa yana hutawa kafin a fito da mutum-mutumin waliyyi, na taka zuwa gidansa. Ƙofar garejin a ɗage take kaɗan, na sunkuya na shiga. Yana zaune a kan kwandon kwalabe da singileti, gabansa tukwane uku, furen ya bushe a tsaye, ƙwaya ta yi masa caɓa-caɓa. A lungu, a bayan labule, ga hasken ƙaramar fitilar uwa.

"Kin zo ki yi dariya ke ma?"

"Na riga na yi tawa tun da safe."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Kin sani," in ji shi. "Kin san halinta kika ba ni."

"Mako uku ina tsinke mata 'yan ayaba da hantsaki don kada ka gani. Wenzu ba ya yarda da shuka sai ya ga ƙarshenta da idonsa. Da kai ka zaɓi Gajeriya kamar yadda kake faɗa, da ka san wannan."

"Ke shaiɗaniya ce, Dolor."

"Na gode. Yanzu tashi ka ɗauko ta. Ka lulluɓe ta da zanen gado, ka bi ta babban titi, ka hau matakalata ka mayar da ita kabad ɗinta. In ba haka ba, kafin a fito da waliyyi yau kowa zai san matar da ka ce ta shuka na'a-na'a ce ta yi maka wannan."

"In ɗauko wa?"

"Kada ka raina mini hankali. Gajeriya."

Na wuce shi na yaye labulen. Doguwar shuka ce a wurin, mai kauri, ganye shar. Lamba huɗu ce. Na duba bayan tukunyar, na duba ƙarƙashin tebur, na buɗe wani kwali.

"Tana ina?"

"Duka huɗun da kika ba ni suka kama," in ji shi. "Ɗaya uwa, uku fure."

"Tana ina, Spiru?"

"To ya zan yi? In ajiye biyar? Mijin 'yata yana shigowa garejin nan duk Asabar ya ɗauki mashin ɗinsa."

Na dafa bango.

"Wa ka ba?"

"Wa zai karɓa, kowa sabuwar yake so? Su Lippu ma da suke da reshenta sun cire sun sa wannan. Na tsige ta na sa a jakar shara tun watan Mayu, mota ta kwashe."

"Ta yayanka ce. Shekara uku yana..."

"Na ce zan kawo miki reshe!" Ya miƙe tsaye. "A kan matakalarki na faɗa, da bakina. Har na yanka, Dolor. Da na koma gida na ce ko za ki canza magana, na yanka na sa a kofi, ya kwana huɗu a kan wannan teburin. Ke kika ce ba kya son komai."

Na sunkuya na fita ta ƙarƙashin ƙofar.

A hanya na haɗu da Lippu da matarsa sun fito da kayan biki. Ya tare ni yana dariya, yana tambaya ko na ga abin da ya yi wa ƙanin mijina da safe, ya ce shekara goma ba za a manta ba. Na ce na gani. Cettina tana ƙofar gidanta tana jirana da fara'a, ta ce, "Yaya? Yaushe zai kawo ta?" Na wuce ta na shiga gida na sa sakata.

Na hau sama. An fara buga ƙararrawar coci, ana harba wutar biki sama, tagogi suna girgiza. Na buɗe kabad. Lamba huɗu tana nan tsaye, ta ƙara tsawo har tana taɓa fitila, babu ganye ɗaya da ya yi rawaya. Na tsane ta kamar yadda ban taɓa tsanar wani abu ba, har da Spiru. Na ɗauko almakashi na riƙe gindinta. Sai na tuna ƙwaya shida ce a kwalbar, kuma duka shidan na shuka. Daga cikin duk abin da Wenzu ya bari, ita kaɗai ta rage da rai, kuma ni na zaɓe ta.

Na taɓa ƙasar tukunyar da yatsa, ta bushe. Na ajiye almakashin na je na ɗebo ruwa.